Sa Hannu da Hatimi: Yadda Za Ka Hana Kotu Korar Ƙararka Tun Daga Tushe

A ce shari'ar fili ce ta shekara shida a Babbar Kotun Jihar Kaduna. An kira shaidu, alƙali ya je ya ga filin da idonsa, an yi hukunci, ka yi nasara. Da aka je Kotun Ɗaukaka Ƙara, lauyan ɗaya ɓangaren bai ko taɓa maganar shaidu ba. Shafin ƙarshe na sammacin da aka buɗe ƙarar da shi ya nuna wa alƙalai: sunan ofis ne a ƙarƙashin sa hannun, babu sunan mutum. Nan take shekara shida ta bi ruwa. Duban minti biyu kafin akawu ya fita da takarda zuwa rajistara ya isa ya hana wannan asara, amma har yau ana yin ta.

Asalin maganar tana cikin sashe na 2(1) da na 24 na Dokar Lauyoyi. Lauya shi ne mutumin da sunansa ke cikin kundin rajistar da Kotun Ƙoli ke ajiyewa. Ofis ba ya zuwa makarantar horar da lauyoyi, ba a rantsar da shi, don haka ba ya cikin kundin. A kan wannan Kotun Ƙoli ta tsaya a shari'ar Okafor da Nweke a 2007, inda ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofis mai "& Co." a ƙarshe. Lauyoyi sun yi ta ƙorafin cewa hukuncin ya yi tsauri, har cikakken zaman kotun na alƙalai bakwai ya sake duba batun a shari'ar First Bank da Maiwada, ya kuma tabbatar da shi. Kada ka ɓata lokaci kana fatan za a sauya.

Tsarin da za ka bi, Mai Shari'a Rhodes-Vivour ya zayyana shi a shari'ar SLB Consortium da NNPC a 2011. Sa hannu ne a sama, kowane irin zane ne ba komai. A ƙarƙashinsa sunan lauyan a rubuce ɓaro-ɓaro. Sai ɓangaren da yake wakilta, mai ƙara ko wanda ake ƙara. Daga ƙarshe sunan ofis da adireshinsa. Ka gyara samfurin takardun da ke kwamfutar ofis a kan wannan jeri, domin yawancin kurakuran daga tsohon samfuri suke fitowa: sakatare ya kwafi ƙarshen wata tsohuwar takarda ya liƙa, lauya ya rattaba hannu yana sauri zai kama zaman ƙarfe tara.

Inda aka fi tuntuɓe a yanzu shi ne ofis mai lauyoyi da yawa. Za ka ga an jera sunaye biyar, an sa hannu ɗaya a samansu, ba a san na wane ne ba. Wanda ya sa hannu ya yi alama da biro a gefen sunansa, kuma hatimin da za a manna, wato wanda Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ke ba kowane lauya da sunansa, ya zama nasa. Idan alamar tana gefen sunan ƙaramin lauya amma hatimin na maigida ne, ka ba abokin hamayya abin faɗa a banza. Haka nan sa hannu a madadin wani. Maigida ya tafi Abuja, takarda za ta makara, sai wani ya rubuta "a madadin" ya yi zane ba tare da sunansa ba. Wannan mugun hali ne, a daina shi. Idan wanda ke ofis lauya ne, ko da ɗan bautar ƙasa ne, ya sa hannu da sunansa da hatiminsa. Akawu da ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ba su da ikon taɓa wurin ko kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu a nan Arewa, wato rubutun suna. Mutum ɗaya, a takardar rantsar da shi Muhammad, a katin ofis Mohammed, a kotu kuma ya ƙara sunan garinsu ko ya taƙaita na tsakiya. Lauya mace ta yi aure ta koma amfani da sunan miji alhali kundin Kotun Ƙoli na ɗauke da sunan mahaifinta. Yi amfani da sunan da ke kundin harafi da harafi, wanda kuma shi ne zai fito a hatiminka tare da lambar rajistarka. In kana son sauyi, fara gyarawa a Kotun Ƙoli tukuna.

Hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya hukuncinsa ya fi sauƙi. Doka ta 10 a Ƙa'idojin Aikin Lauya na 2007 ce ta kawo shi, kuma ƙa'idojin 2023 da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024 ba su janye shi ba. Ba takardun kotu kaɗai ya shafa ba. Yarjejeniya, takardar cinikin gida da za a kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da shawarar doka a rubuce duk suna ciki. A shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi, Sarkin Yaƙi da Bagudu, a 2015, Kotun Ƙoli ta ce takardar da ba ta da hatimi ba ta mutu ba, sai dai ba a ɗauke ta a matsayin wadda aka shigar daidai ba har sai an gyara. Gyaran shi ne ka roƙi kotu izinin manna hatimin. Ka roƙa da wuri, da zarar ka lura, kada ka bari ranar sauraro ta riske ka.

Hatimi yana da wa'adi, yana ƙarewa ranar 31 ga Maris, ranar da kuma ita ce iyakar biyan kuɗin aiki na shekara. Shi ya sa Afrilu da Mayu ne watannin haɗari: tsohon ya ƙare, sabon bai iso ba. Biya kuɗin aiki da na reshen ƙungiyar tun a Janairu, ko kana reshen Kaduna, Barnawa, Zariya ko Kafanchan, ka nemi hatimin nan take. Idan ya makara, liƙa kwafin rasit ɗin biya a takardar, amma ka ɗauke shi a matsayin maganin wucin gadi. Da hatimin ya zo ka nemi izinin mannawa. Ajiye hatiman kowane lauya a aljihun teburinsa mai makulli, a kuma rubuta takardar da aka manna wa kowanne, don hatimin da ya faɗa hannun ɗan damfara sunanka zai ɗauka.

Bambancin da ya kamata kowane ƙaramin lauya ya haddace shi ne tsakanin takardar buɗe shari'a da sauran takardu. Sammaci da takardar ɗaukaka ƙara su ne ke ba kotu hurumi. In sa hannunsu ya lalace, ba a yi musu kwaskwarima, kuma ana iya tayar da batun a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, ko da ɗaya ɓangaren ya yi shiru shekara goma. A kan takardar bayanin da'awa, wato wadda mai ƙara ke zayyana abin da yake nema a ciki, Kotun Ƙoli ta ɗan sassauta a shari'ar Heritage Bank da Bentworth a 2018, inda ta ce wanda bai yi ƙorafi a kan lokaci ba ya yafe haƙƙinsa. Wannan mafaka ce ga wanda ya riga ya faɗa rami, ba tsarin aiki ba.

Ka ware Asabar ɗaya a fito da duk fayilolin da ke gaban kotu, musamman waɗanda ka gada daga wani ofis, a duba shafin sa hannu na takardar farko a kowanne. In ka samu mai lahani, fara lissafa wa'adi kafin komai. Ƙara a kan jami'in gwamnati wata uku gare ta a ƙarƙashin dokar kare jami'an gwamnati. Ɗaukaka ƙarar farar hula zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata uku ne ga hukuncin ƙarshe, kwana 14 ga hukuncin tsakiyar shari'a. In da sauran lokaci, janye mai lahanin ka shigar da sabuwa. In wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, nemi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkirin, haɗe da dalilan ɗaukaka ƙara masu ƙwari. Kafin ka yi ko ɗaya daga ciki, kira wanda kake wakilta zuwa ofis ka gaya masa abin da ya faru, ka kuma rubuta masa shi a wasiƙa.