Yadda Za Ka Yi Idan Firinta ko Sikana Ta Cinye Takarda

Duk mai shagon buga takardu a Kano, a bakin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero yake ko a kewayen sakatariyar Audu Bako, ya san lokacin da firinta kan ja takarda ta yi gurnani ta tsaya, fitila ta kama ƙiftawa, ga mutane a tsaye suna jira. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Laifin ba ya wuce takardar ko robar da ke jan ta, kuma za ka iya magance shi da hannunka.

Da farko ka kashe na'urar, ka zare filogi. Idan mai amfani da hodar tona ce, wato garin tawada, ka ba ta kamar minti 15 ta huce, domin sashen da ke gasa hoda a jikin takarda, wato fiyuza, zafinsa kan kusanci digiri 200. Yana ƙona yatsa nan take. Sai ka zaro tiren takarda gaba ɗaya, ka buɗe murfin gaba, ka cire katirij, wato akwatin hodar, ka rufe shi da takarda, don haske na lalata diram ɗinsa, wato bututun da ke ɗora hoda a kan takarda. Ka leƙa ta ƙofar baya ma. Kafin ka taɓa komai, ka lura da inda takardar ta tsaya, za ka buƙaci wannan nan gaba.

Ka kama ta da hannu biyu, ka ja a hankali, in zai yiwu ta ɓangaren da ta saba fita. Kada ka fizga. Kada ka zura wuƙa, almakashi ko sukudireba, domin fatar da ke lulluɓe da fiyuza siririya ce, in ka kankare ta, duk takardar da ka buga za ta fito da zane. Wasu injinan suna da ɗan maɗauki kore ko shuɗi da ke sassauta matsin, ka ɗaga shi tukuna.

Bayan ta fito, ka shimfiɗa ta a tebur ka ga ko ta cika. Nan ne mutane suka fi yin garaje. Guntun da bai kai farce ba yakan danne ɗan harshen robar da ke sanar da injin wucewar takarda, sai ya yi ta cewa takarda ta maƙale alhali ba ka ganin komai. Ka haska da fitilar waya, ka bi hanyar takardar daga tire har mafita. Idan hoda ta zuba a riga, ka kakkaɓe ka wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi kafe ta yake yi.

Yanzu sai dalili. Idan takardar a bakin tire ta tsaya, ko injin na juyi bai ɗauka ba, ka duba rolar da ke ɗaukar ta. Ƙurar hunturu da garin takarda su ke sa robar santsi. Ka jiƙa tsumma mai tsabta wanda ba ya barin zare, ka matse sosai, ka goge rolar kana juya ta, ka bari ta bushe. Fetur da kananzir kuwa, ko kusa, cinye roba suke yi. Idan ka shafa ka ji ta suɗe kamar tsohuwar tayar babur, gugar ba za ta ƙara komai ba, canji take so. Ka rubuta lambar samfurin injinka ka nemi irinta wajen masu kayan kwamfuta a titin Beirut. Idan kuma bibbiyu ko uku-uku take ja, 'yar robar da ke ƙarƙashin rolar, mai raba takardu, ita ce ta gaji.

Ita kanta takardar tana bin yanayi. A watan Agusta, rim ɗin da aka buɗe aka bari a ƙasa yakan sha danshi, takardun su lanƙwashe, su naɗe a cikin fiyuza. Ka bar su cikin fakitinsu, a kan kanta. Da hunturu kuma bushewa ke sa su manne da juna, don haka ka riƙa karkaɗa su, ka daidaita bakinsu a tebur kafin ka zuba. Rim takarda 500 ne, tiren ƙananan firintoci da yawa bai wuce 150 zuwa 250 ba, saboda haka kada ka wuce layin da aka zana a ciki. Ka matso da masu riƙe gefen takardar su taɓa ta ba tare da sun matse ba. A4 mai giram 80 ita ce ta yau da kullum. Katin biki mai kauri sai ta ƙofar da ake saka ɗai-ɗai, kuma ka zaɓi takarda mai kauri a saitin kwamfuta. Takardar hoto ta firintar ruwan tawada kada ta shiga mai hoda, narkewa take yi.

A sikana mai jan takarda da kanta, taka-tsantsan ya fi yawa, tunda abin da ke ciki na wani ne, kuma sau da yawa ba shi da na biyu. Ka cire fil da kilif, ka miƙar da ninki. Takardar fili, tsohuwar shaidar kammala karatu, fom mai hoton fasfo a manne, rasit mara kauri da duk abin da aka yi wa laminetin, a kan gilashi ake ɗora su. In ta riga ta maƙale, ka buɗe murfin sama kafin ka ja, ka goge rolarta kamar ta firinta.

Ka mayar da katirij da tire, ka rufe kowace ƙofa har ka ji ta kama, ka gwada da takarda ɗaya sabuwa. Idan duk da haka tana tattarewa a wuri ɗaya kusa da mafita, ko kana jin ƙas-ƙas na haƙoran giyar injin, ko ka ga gutsuren baƙar leda a jikin takarda, ka kashe injin ka kira mai gyara. Ka ajiye masa takardar da ta maƙale, ka nuna masa inda ta tsaya.