Yadda ake kula da tsohuwar tsamiya a tsakar gida

Tsamiya tana iya haura shekara 100 tana ba da inuwa da 'ya'ya, amma abin da yake damuna shi ne da yawa daga cikin waɗanda suke bushewa a gidajenmu ba tsufa ne yake kashe su ba, gyaran gida ne. Saboda haka kula da ita daga ƙasa yake farawa.

Mataki na farko shi ne a kare saiwoyi. Ƙananan saiwoyin da suke shan ruwa da iska sirara ne kamar zare, mafi yawansu ba su wuce zurfin santimita 60 ba, kuma sukan bazu har su zarce iyakar inuwar bishiyar. Idan mai gida ya shafe tsakar gidansa da siminti har gindinta, ruwan sama ba zai shiga ba, iska ma ba za ta ratsa ba, kuma ba za a ga alamar komai a shekarar farko ba, sai bayan damina biyu ko uku a lura ganye ya ƙanƙance, rassan sama sun fara bushewa daga tsini. In daɓen ya zama dole, a bar fili aƙalla mita 2 kewaye da gindin, sauran wurin kuma a jera bulo a kan yashi domin ruwa ya samu hanyar shiga. Idan za a haƙa shadda ko harsashin katanga, a nisanta da ita, kada a sare saiwar da ta kai kaurin damtse.

Daga nan sai taki. A farkon damina a barbaɗa ruɓaɓɓen takin dabbobi a ƙarƙashin inuwar, a rufe da busasshen ganye, amma kada a tara shi a jikin kututture, domin danshin yana gayyato gara. Babbar tsamiya ba ta buƙatar ban ruwa. Ruwan wanki mai omo kuwa a karkatar da shi wani wuri, kuma a daina ƙona shara a gindinta.

Ɓawonta ma yana buƙatar tsaro, domin a ƙarƙashinsa ne abincin da ganye ya sarrafa yake gangarawa zuwa saiwa. Wanda ya sassaƙe shi zagaye saboda magani, ko ya ɗaura wayar shanya ya bar ta ta nutse a jiki, ya toshe wannan hanya ke nan.

Sai a ɗaga kai a nemi kauci, wanda tsuntsaye suke manna irinsa a rassa, ya tsiro yana tsotse ruwan bishiyar. Fizge shi ba ya isa. A yanke reshen kamar santimita 30 ƙasa da inda ya kama.

Lokacin rage rassa shi ne bayan an kaɗe 'ya'ya da rani, kafin iskar farkon damina. A fara da busassu da waɗanda suke gogar juna, kuma kada abin da aka cire a shekara guda ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi, da zarto ba da gatari ba: a fara tsaga shi daga ƙasa, sannan a yanke daga sama gaba kaɗan har ya faɗi ba tare da ya yago ɓawon uwar ba, daga bisani a cire guntun daidai bakin kumburin da ke gindin reshen, wanda shi ne yake rufe ciwon. Kada a shafa baƙin mai a wurin. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa ba aikin mai gida ba ne, ma'aikatan wuta ake kira.

Idan aka ga naman kaza ya tsiro a gindinta, ko kututturen ya tsage, ko ƙasa ta ɗago ta gefe guda bayan ruwa mai iska, a ɗauke tabarmar yara daga inuwar a ranar, a nemo ma'aikacin gandun daji ya duba ta.