Idan An Yi Maka Ƙazafin Lalata da Ƙaramin Yaro: Yadda Za Ka Kare Kanka a Gaban Shari'a

Babu zargin da ke rusa mutuncin mutum cikin dare ɗaya kamar a ce ya yi lalata da yaro ko yarinya, domin tun kafin magana ta kai caji ofis unguwa ta riga ta yanke hukunci. Dokar ma ba ta ɗauki laifin da wasa ba, kuma haka ya dace. Sashe na 31 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya tanadi ɗaurin rai da rai, a Jihar Kaduna kuwa gyaran dokar da aka yi a 2020 ya kai ga dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Abin da ke damuna shi ne, marar laifi yakan lalata kariyarsa da hannunsa a kwanakin farko, saboda firgici da gudun abin kunya, tun lauya bai ji labarin ba.

Da zarar ka ji maganar, ka nesanta kanka daga yaron da iyayensa baki ɗaya. Kada ka je gidansu don wanke kanka, kada ka kira waya, kada ka tura matarka ko yayanka a madadinka, domin kowace irin tuntuɓa ana iya fassara ta a kotu da barazana ko yunƙurin sauya bakin shaida. Idan jama'a sun fara taruwa kuma kana fargabar a ɗauki doka a hannu, ka nufi ofishin 'yan sanda da ƙafarka tare da lauya ko wani dattijo, maimakon ka tsere daga gari, wanda kowa zai ɗauka amsa laifi ne.

Tarko mafi haɗari shi ne sulhu. Za a zo maka a ce: "Malam, ka dai ba da haƙuri a gaban mai unguwa, ka biya kuɗin asibiti, a rufa asiri, magana ta mutu." Masu faɗin haka sau da yawa alheri suke nufi, amma haƙurin da ka bayar a gaban mutane da kuɗin da ka tura ta banki su ne za su dawo a matsayin hujja a kanka, kuma mutanen da suka zauna sulhun su ne za su zama shaidu. Bayan haka, laifi irin wannan hukuma ce ke da hurumin binsa, yafewar iyaye ba ta rufe shi. Idan ba ka aikata ba, ka ce ba ka aikata ba, cikin ladabi, ka tsaya a nan.

Ka nemi lauya a ranar. Wanda ba shi da hali yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi kuma take tsaya wa talaka kyauta. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 35, ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna da Kano suka yi tasu makamanciyarta, ta yi tanadin a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, ta kuma haramta kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Kada ka sa hannu ko dangwala yatsa a kan takardar da aka rubuta da Turanci alhali ba a fassara maka ita kalma bayan kalma ba. Idan an doke ka ko an tilasta maka, ka faɗa wa lauya da alƙali tun zaman farko, domin sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar gallazawa.

Shirun yana da iyaka. Idan hujjarka ita ce ba ka wurin a lokacin da aka ce abin ya faru, kotunan Nijeriya sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa a gabatar da ita tun a gaban 'yan sanda, da cikakken bayani, don a samu damar bincikar ta. Cewa "ina kasuwa" bai isa ba. Ka faɗi rumfar da kake, da sunan maƙwabcin da kuka yi sallar la'asar tare, da direban da ya sauke maka kaya, da saƙon banki da ya shigo wayarka a wannan sa'ar. Malamin makaranta ya nemi rajistar sa hannun malamai da jadawalin darasi na ranar. Wanda ya ɓoye wannan sai ranar shari'a, alƙali yana iya ɗaukar sa ƙirƙira ce ta daga baya.

Kada ka goge komai daga wayarka, ko da saƙon da kake ganin zai ba ka kunya ne, domin gogewa tana jawo zargin da ya fi saƙon muni. Idan akwai tsohuwar husuma tsakaninka da mai zargin, ta bashi ko gado ko riƙon 'ya'ya bayan saki, ko an taɓa neman kuɗi a wurinka don a janye magana, ka tara saƙonnin ka miƙa wa lauya kaɗai. Facebook da WhatsApp ba wurin kare kai ba ne, kuma bayyana sunan yaron ko hotonsa zalunci ne da zai iya zame maka sabuwar tuhuma.

Ina roƙon ka tuna cewa zargin da ya zama ƙarya a kanka yana iya zama gaskiya a kan wani. Mai yiwuwa an cutar da yaron, tsoro ko koyarwar manya ta sa ya ambaci sunanka. Saboda haka ka goyi bayan a kai shi asibiti da wuri, a cibiyoyi irin su Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano ko Salama a Kaduna, domin binciken likita na gaskiya yana kare yaron, yana kuma iya wanke ka.

Daga nan haƙuri ake bukata. Galibi ana fara gabatar da mutum a kotun majistare, a tura shi gidan gyaran hali, a aika fayil ma'aikatar shari'a don lauyoyin gwamnati su duba ko akwai tuhumar da za ta tsaya. A nan mutane ke shafe watanni an manta da su, don haka dole lauya ya riƙa bin fayil ɗin, ya kuma nemi beli a babbar kotu. A wurin shari'a sashe na 36 na Kundin yana ɗaukar ka marar laifi, kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifin ba tare da kokwanto ba. Yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma sashe na 209 na Dokar Shaida ya ce ba a hukunta mutum da ita kaɗai sai wata hujja ta ƙarfafa ta.

Sai an sallame ka sannan za a yi maganar neman haƙƙi. Kana iya ƙarar babban mutumin da ya ƙulla maka sharrin kan ɓata suna, ko kan jefa ka cikin shari'a da mugun nufi, inda dole ka nuna cewa shari'ar ta ƙare an wanke ka, kuma ya kai ka ba tare da dalili mai ma'ana ba. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci akwai haddin ƙazafi, bulala 80, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta zo da shi. Amma uwar da ta ji ɗanta ya faɗi abu ta garzaya wurin hukuma da zuciya ɗaya ba ta yi laifi ba, kuma da wuya kotu ta ba ka nasara a kanta. Ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, domin shi za ka kai wurin aikinka idan an dakatar da kai.