Yadda Ake Haɗa Ruwan Kashe Ƙwayoyin Cuta Idan Na Kanti Ya Ƙare

Da farko duba jikin robar bilic, wato ruwan wankin nan mai sa tufafi fari. Idan ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, zuba cokalin shayi 4, wato mililita 20, a lita 1 ta ruwan sanyi. Ruwan zafi yana kashe masa ƙarfi.

Buɗe taga, sa safar hannu.

Fara wanke wurin da sabulu, domin datti da maiƙo suna hana bilic aiki. Nan ne aka fi yin kuskure. Sai ka ɗauki ruwan da ka haɗa ka goge mariƙin ƙofa, kan famfo da duk abin da majinyaci ya taɓa, ka bar shi da danshi aƙalla minti 1. Ƙarfe kuwa a ɗauraye shi, kada ya yi tsatsa.

Don Allah kada ka gauraya bilic da wani maganin wanki, tururin guba yake fitarwa. Ba a shafa shi a jiki. Wanda ya kwana a zubar, a haɗa sabo.