Masu aikin amsa kiran kwastomomi, a kula da maƙogwaro

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai wannan aiki ya san yadda ake tashi da dusasshiyar murya, musamman da hunturu, ga sanyin AC na ƙara busar da maƙogwaro. Ku ajiye gorar ruwa mai ɗumi kusa da kwamfuta, duk kiran da ya ƙare a ɗan kurɓa, kada a jira ƙishi. Yawan kakari da gyaran murya ƙara ƙuje maƙogwaron suke yi, gara a haɗiyi yawu. Raɗa ma ba hutu ba ce, wahalar da murya take. In za a huta, a yi shiru gaba ɗaya. Kwastoma ya ɗaga murya, kada ku biye masa, ku matso da makirufo kusa da baki kawai. Dusashewar da ta wuce sati 3 kuwa ta fi ƙarfin zuma da lemun tsami, a je a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Masu aikin dare, ku faɗa wa mutanen gida tun wuri cewa barcin safe ba lalaci ba ne, don a daina tashin ku aike. Cefane da zuwa banki a tara su ranar hutun da ta faɗo tsakiyar mako. In an farka da la'asar, a zauna da Hajiya ko yara a saurare su, ba sai kun yi surutu ba.