Babi na 6: Inji Ya Buga, a Gyara Motar ko a Sayar?

Darasi na 1: Me ya lalace?

Iyayena da 'yan'uwana, ku buɗe littafin rubutu, ku samu sabon shafi. A can sama ku rubuta sunan motar da shekarar da aka ƙera ta, kamar haka: Golf 3, 1996. Wanda ba shi da mota ya rubuta ta maƙwabci ko ta maigidansa, lissafin ɗaya ne.

Ba duk motar da ta tsaya a hanya ce injinta ya mutu ba. Ku zaro sandar awon baƙin mai ku duba. In man ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kuma sau da yawa gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Wannan ana gyara shi ba tare da an sauya inji ba, muddin kan injin bai tsage ba. In mota tana fitar da hayaƙi shuɗi tana shan baƙin mai, galibi ringin fistin ne suka cinye. In kuwa kun ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa idan an taka totur, to mital ne, wato ƙarafan da sandar cikin inji ke juyawa a kansu, galibi don inji ya yi aiki babu isasshen mai. Ku kashe motar nan take. Kada ku ce bari in lallaɓa ta zuwa gida.

Ku kira makaniki ya duba, ya faɗi abin da ya gani, ku rubuta. Ku kira wani daban, wanda ba garejinsu ɗaya ba, shi ma ku rubuta nasa. Ku tambayi kowannensu: "Malam, me ya jawo?" In zafi ne ya kashe injin, saboda lagireto na yoyo ko fanka ba ta juyawa, sabon injin ma haka zai mutu in ba a gyara su ba.

Darasi na 2: Kuɗin gyara, dukansa

Nan ne mafi yawanku ke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Wanda ya gaji ya ajiye biro ya huta, ba tsere muke ba.

Kuɗin inji daban, kuɗin gyara daban. Ku maimaita da baki: kuɗin inji daban, kuɗin gyara daban. Idan mai shago a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ya ce injin Beljiyam naira dubu ɗari shida da hamsin ne, kuɗin ƙarfen kawai ya faɗa muku. Bai sa kuɗin makaniki ba. Bai sa baƙin mai ba. Bai sa kuɗin motar da za ta kai injin gareji ba.

Ku ja layi daga saman shafi zuwa ƙasa. A hagu sunan abu, a dama kuɗinsa. Hagu shi ne wajen hannun da ba ku cin abinci da shi. Lambobin nan misali ne don koyo, ku za ku sa farashin da kuka ji a kasuwa ranar da kuka je:

Injin Beljiyam: 650,000
Kuɗin aikin makaniki: 80,000
Baƙin mai, filta, fulogi, bel: 70,000
Janwe da dakon inji: 30,000
Jimla: 830,000

Ku dubi jimlar. 830,000 ce, ba 650,000 ba. Tsakaninsu akwai 180,000, kuma wannan kuɗin ne yake sa ku ga mota ta kwana biyu a gareji a kan duwatsu, ƙura ta rufe ta, mai ita yana yawon neman rance. Ya tanadi kuɗin inji, ya manta sauran.

Ku jera lambobin sifiri a ƙarƙashin sifiri, waƙafi a ƙarƙashin waƙafi. 83,000 dubu tamanin da uku ce. 830,000 dubu ɗari takwas da talatin ce. Sifiri guda ne ya raba su. Ku sa yatsa ku ƙirga. Wanda ya kuskure ya goge ya sake, babu kunya, kowa da haka ya koya.

Yanzu ku koma wurin makaniki da takardar a hannu, ku karanta masa layi layi, sannan ku ce: "Akwai abin da ya rage?" Ku yi shiru ya yi tunani. Yakan tuna da kuloci, ko robar da inji ke zama a kai, ko tiyon ruwa. Ku ƙara a takarda, ku sake haɗa jimla. Ku sake tambayarsa: "Akwai kuma?" Sai ya ce babu, sannan ku ja layi biyu a ƙarƙashi.

In gyaran tsohon injin kuka zaɓa, wato a kwance shi a sa sababbin ringi da mital da gaskit, haka za ku yi: shafi daban, hagu da dama, kowane abu da kuɗinsa. Sai dai a nan ba a sanin gaskiyar ɓarnar sai an buɗe, don haka ku yi ciniki da makaniki a kan kuɗin kwancewa shi kaɗai tukuna.

Kada ku yi aiki da farashin da wani ya saya shekarun baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kayan mota na waje duk sun tashi. Ku tambayi farashin yau.

Na faɗa a aji, na rubuta a allo, amma har yanzu ana kawo mini littafi da lamba ɗaya tilo a kai, kuɗin inji. Haba jama'a! Magidanci mai iyali ya miƙa dubban ɗaruruwa bai rubuta komai ba, gobe ya zo yana cewa makaniki ya cuce shi? Ba don sa hannu a takardar banki kaɗai kuka koyi riƙe biro ba. A rubuta duka, a haɗa jimla, sannan a fitar da kuɗi.

Darasi na 3: Ɗebewa

Ku tambayi dillalan mota abu biyu. In motar nan tana tafiya lafiya, nawa za ta yi? Yadda take yanzu a mace, nawa za a saya? A misalinmu, mai tafiya 1,800,000, matacciya 700,000.

Ku ɗebe jimlar gyara daga kuɗin mai tafiya. Jimlar, ba kuɗin inji ba.

1,800,000 − 830,000 = 970,000

970,000 ta fi 700,000, don haka gyara ya fi. Amma a ce giya ma tana kuka, gyaranta 300,000. Ku ƙara ɗebewa, saura 670,000. Yanzu sayarwa ta fi. In tsatsa ta ci ƙasan motar, ba sai kun wahalar da kanku da lissafi ba, sabon inji ba ya gyara ruɓaɓɓen bodi.

Kuɗin da kuka kashe mata bara ba ya shiga wannan shafi, ya riga ya tafi. Mai haya kuma ya rubuta abin da yake samu a rana, ya ninka da kwanakin da za ta yi a gareji, ya ƙara a kan jimla.

Darasi na 4: Wurin sayen inji

Injin da ba a tayar ba, sayen kifi ne a ruwa. Ku tafi da makanikinku. Ku nemi a ba ku kwanakin gwaji, a rubuta su a rasit. Lambar injin ma a rubuta ta a rasit, ku gwada ta da wadda ke jikin ƙarfen, harafi da harafi. Ku adana rasit ɗin tare da takardun mota saboda masu bincike a hanya.

Darasi na 5: In sayarwa ce

Ku ji farashin dillali, ku ji na masu yanka mota su sayar da kayanta, ku ji na 'yan gwangwan. Ku faɗa wa mai saye aibin motar. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu.

Aikin gida: mota mai tafiya 1,200,000, inji 500,000, sauran kayan gyara da kuɗin aiki 150,000, matacciya 600,000. A gyara ko a sayar? A nuna mini jimlar gyara tukuna kafin amsa.