Dokokin Taya a Tseren Mashin: Abin da Za Ka Duba Kafin Ranar Gasa

Duk mai son shiga tseren mashin a kan kwalta, ya nemi takardar dokokin ajin da zai shiga tun kafin ya taka kasuwa neman taya. Tseren da ake nufi a nan shi ne wanda ake rufe fili da izinin hukuma, ga alƙalai ga motar asibiti. Gudun ganganci da samari ke yi a hanyar Dukku ko ta Kumo da la'asar ba ya cikin lissafi. Kowace ƙungiya da nata dokokin, amma tambayoyin da takardar za ta amsa maka ba sa wuce waɗannan: wace irin taya aka yarda da ita, wane girma, guda nawa, kuma ko an tilasta ta kamfani ɗaya. Tilasta kamfani ɗaya ba baƙon abu ba ne. A gasar Superbike ta duniya, tayar Pirelli kowa ya koma sa wa a 2004.

Tayoyin iri uku ne. Akwai mai zane wadda doka ta yarda a hau titi da ita, za ka ga haruffan DOT a gefenta, kuma yawancin ajin 'yan koyo da na mashinan da ba a taɓa injinsu ba ita suke nema. Akwai ta ruwa, mai zane da yawa da roba mai taushi. Sai silik, wadda ba ta da zane ko ɗaya.

A nan ake yawan kuskure. Suɗaɗɗiyar tayar ɗan acaba ba silik ba ce, ko da ta yi sumul kamar tafin hannu. Silik da kaurinta aka ƙera ta, robarta kuma ta musamman ce da ke kama kwalta in ta yi zafi. Wadda ta suɗe kuwa robar kamun ta ƙare, saura kaɗan zare ya leƙo. Silik tana da 'yan ramuka a jikinta don auna ci. Ranar da ramukan suka shafe, aikinta ya ƙare. Haka nan kada a kai tsohuwar taya wa mai faci ya sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi. Masu duba mashin suna gane yankan hannu, kuma kusan ko'ina haramun ne. Taya mai faci ko wadda aka toshe hujinta ita ma ba ta wucewa.

Yanzu karanta gefen tayar. In ka ga 120/70 ZR17, faɗinta milimita 120 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, wilin kuma inci 17. Mashin mai cc 600 yakan ɗauki wannan a gaba, da 180/55 a baya kan wili mai faɗin inci 5.5. Masu cc 300 zuwa 400 kan ɗauki 110/70 a gaba, 140/70 ko 150/60 a baya. Kwaɗayin faffaɗar taya a baya yana cutar mutane da yawa. In aka matsa 190 a wilin da aka yi don 180, tsakiyarta kan yi tsini, gefenta ya miƙe, sai wurin da ke taɓa ƙasa a kwana ya canja, mashin ya riƙa faɗawa kwana ba a shirya ba. Bayan lambobin girman akwai lambar nauyin da tayar ke ɗauka. Harafin da ke bayan lambar nauyin shi ne iyakar gudu: P kilomita 150 a awa, S 180, H 210, V 240, W 270. Bai kamata ya gaza gudun mashin ɗinka ba.

Sai shekarunta. Lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT su ne mako da shekara: 1923 na nufin mako na 19 na 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu, to ina ga ta tsere. Tayar gwanjo da aka jibge a bakin shago rana tana dukanta tun daga Maris har Mayu, ko zanenta na nan cike, ta bushe. Danna farcenka a gefen zanen. In bai bar alama ba, ko ka ga 'yan tsage a cikin kwarin zanen, ajiye ta. Launin shuɗi-shuɗi a gefe alama ce ta sha zafi da sanyi sau da yawa.

Iska ita ce babban aiki, kuma a nan zafin Gombe yake shiga magana. Babban mashin a titi yakan ɗauki psi (ma'aunin ƙarfin iska) 36 a gaba, 42 a baya. A filin tsere wannan ya yi yawa. Da tayar titi akan fara daga wajen 30 gaba da baya tana sanyi. Tayar tsere ta ainihi kuwa kowane kamfani da lambarsa, ta bayan wasu tana sauka ƙasa sosai, don haka takardar kamfanin za a bi. Sayi gejinka na kanka, ka daina dogara da na mai faci ko matsa taya da yatsa. Auna kafin ka fita, ka sake aunawa da zarar ka shigo, kafin ka cire hular kwano. Ƙarin psi 3 zuwa 5 daidai ne. In ya haura haka, iskar farko ta yi kaɗan, tayar tana lanƙwasa tana dafa kanta. In da kyar ya motsa, ta yi yawa. Ka tuna duk ƙarin digiri 10 na zafin gari yana ƙara fiye da psi ɗaya, don haka awon da ka yi da asubar hunturu ba zai yi maka aiki da azahar ba. Rubuta kowane awo da lokacinsa a littafi. Ko a MotoGP, babbar gasar tseren mashin ta duniya, tun 2023 ake hukunta wanda iskar tayarsa ta gaza ƙa'ida.

Silik ba ta kamu sai da zafi. Ana naɗe ta da bargon lantarki na minti 45 zuwa awa ɗaya a wajen digiri 80, mashin yana ɗage a kan sitan gaba da baya. Wannan na nufin janareta, kuma in ta mutu ana saura minti goma, ka ɗauka tayarka mai sanyi ce. Wanda ba shi da bargo gara ya zauna kan mai zane, ya ba ta zagaye biyu na farko a hankali, yana ɗumama ta da birki da maƙure wuta mashin yana tafiya a miƙe, ba a karkace ba. Karkaɗa mashin hagu da dama ba ya ɗumama komai. Da hunturu ga ƙura a kan kwalta, kada a bar layin da aka share.

Tayar ruwa ta Agusta ce, lokacin da ruwa ke kwance a kwalta. Da zarar fili ya bushe, zagaye kaɗan ya isa ta narke ta yayyage.

A wurin duba mashin, ƙananan abubuwa ne suka fi mayar da mutum baya. Kibiyar da ke gefen taya ta fuskanci yadda wili ke juyawa. Masu faci kan juya ta gaba ba su lura ba. Marfin bawul ya zama na ƙarfe mai roba a ciki, domin a babban gudu ƙwayar bawul kan iya buɗewa iska ta sulale. Dalmar daidaita wili a manne ta, a rufe da salatif mai ƙarfi. Mai wilin waya ya sa sabon tub tare da sabuwar taya, ya duba robar da ke rufe kawunan wayoyin. In gasar tana ƙidaya tayoyi, za a manna musu sitika ko a yi musu alama. Kai su da wuri, har da ta ajiya, domin wadda ba ta da alama ba za ta shiga fili ba ko da sabuwa ce fil.